Shekarar da Na Roƙi Rana a Tsakiyar Damina

Wannan babin na daɗe ina gudunsa. Na rubuta muku ƙuruciyata a gidan Baffa, na rubuta aurena da shekarun da na yi ina koyar da yara a makarantar garinmu, amma duk sanda na iso nan sai in ajiye alƙalami in ce gobe. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne abin da na gani da Sallar da ta wuce. Ku biyu, Abba da Nura, 'ya'yana maza da Allah ya bar mini, kun shigo gaishe ni lokaci ɗaya, kowa ya durƙusa a gefensa, kuka tashi ba wanda ya dubi fuskar ɗan'uwansa. Jikokina sun fara lura, har ƙaramar ɗiyar 'yar'uwarku Saratu ta tambaye ni ko kawunnanta faɗa suka yi. Ni kuwa ƙarfi yana tafiya. Shi ya sa zan faɗi abin da ya faru a shekarar da muka rasa babanku, yadda na gan shi da idona na kuma ji shi da kunnena.

Malam manomi ne kafin ya zama komai. Da rani yakan yi fataucin kanwa, ya ɗauko daga Nijar ta Kongolam ya kai kasuwanni, amma wannan neman abin cefane ne kawai, zuciyarsa tana gonar geron da ke bayan gidanmu. Ƙurar kanwa da ta sussuka su suka taru a ƙirjinsa shekara da shekaru. Tari ya fara kamar wasa, muna ta jiƙe-jiƙe da zuma, har ta kai daga zaure zuwa masallaci sai ya tsaya ya dafa bango. Duk da haka da ruwan shuka ya sauka a shekarar, sai da ya sa aka kai masa tabarma gindin gawon da ke tsakiyar gona, ya zauna yana nuna wa masu shuka inda za su sara. Bayan an yi noman farko ruwa ya ɗauke. Gero ya fara nannaɗe ganye, gari ya shiga damuwa, har liman ya tara jama'a aka fita roƙon ruwa. A cikin wannan farin ne wata safiya numfashin Malam ya sarƙe, muka kai shi Daura, daga can suka tura mu babban asibiti a Katsina.

Likitan da ya duba shi mutumin kirki ne, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce huhun ya riga ya lalace, ba abin da zai mayar da shi, amma in yana samun iska ta na'ura zai iya jimawa gwargwadon kwanan da Allah ya ɗiba masa. Ya ce akwai ƙaramin inji da ake sawa a gida, mai tace iska ya turo ta hanci ta wata 'yar tiyo, sai dai yana bukatar wutar da ba ta yankewa dare da rana. Malam yana kwance yana jin mu. Da likita ya fita sai ya yafito ni da hannu.

“Malama, ku mayar da ni gida,” in ji shi. “Nan ko sararin sama ba na gani sosai.”

Kun san yadda wutar garinmu take. A shekarar ma babu ita gaba ɗaya, don iskar farkon damina ta kayar da turaku, wayoyi na nan kwance a gonakin mutane ba wanda ya zo ya ɗaga. Ɗan janaretan da muke da shi kuwa sai ya ga dama yake tashi. Abba ne ya bincika ya zo da maganar sola, ya ce akwai wani sabon batiri da ake kira lithiyam, yana riƙe wuta fiye da tsofaffin nan masu ruwa, zai iya ɗaukar injin daga faɗuwar rana har fitowarta. Tsadarsa ta fi ƙarfin abin da ke hannunmu. Na kwana da abin a raina, da gari ya waye na aika wa ƙanena da ke kiwo wajen Mashi ya koro mini shanuna, waɗanda na gada daga mahaifiyata. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda na yi shawara da shi. Abba ya kai su kasuwar Mai'adua ya dawo da igiyoyinsu a hannu, ya ajiye a ƙofar ɗakina. Na bar Saratu a asibiti tana jinyar babanta, Nura da yake karatu a can Katsina yana leƙa su, ni na dawo gida in shirya wa Malam wuri.

Wani mai haɗa sola daga Daura, Sanusi, shi ya zo da kayan a bayan a-kori-kura. Suka yini a kan kwanon ɗakin Malam suna ɗaure farantan da ke kama hasken rana, yaran unguwa sun cika tsakar gida suna kallo. Batirin kansa wani farin akwati ne mai nauyi, sai da maza biyu suka ɗaga shi suka kafe a bango kusa da inbata, wato abin da ke juya wutar ta zama irin ta gida. A gabansa akwai 'yan fitilu kore guda huɗu a jere, ƙanana kamar ƙwayar wake. Ɗaya ce kawai take ci. Sai wajen la'asar suka gama. Sanusi ya wanke hannu ya durƙusa gabana, Abba na tsaye.

“Mama, abu ɗaya zan roƙe ku,” ya ce. “Wannan cajin na farko a bar shi ya cika har ya yanke da kansa, kada a jona masa komai. Da 'yar wuta kaɗan yake zuwa daga kamfani. Akwai wata na'ura a cikinsa da ke auna abin da ya rage, kuma sai ya cika sau ɗaya take sanin iyakarsa. In aka yi gaggawa zai iya nuna muku akwai wuta alhali ta kusa ƙarewa, ya ɗauke ba zato. Da fanka ce ko talabijin da ban damu ba. Amma numfashin mutum za a ɗora masa.”

Na tambaye shi yaushe zai cika.

“In Allah ya ba da rana mai kyau, gobe war haka an gama.”

Washegari muka tashi gari ya yi baƙi ƙirin daga gabas. Kafin hantsi ruwa ya sauko, irin ruwan marka mai sauka a hankali ba iska ba tsawa, wanda yake shiga ƙasa. Ya yini yana zuba, ya kwana, aka wayi gari yana yayyafi. In ya tsagaita sai gajimare ya rufe sama ruf, ba ka sanin inda rana take. Gari kuwa ya cika da murna. Ina jin maza na wucewa ta bayan katanga suna dariya, suna cewa Allah ya karɓi roƙo. Maƙwabta suna shigowa da lulluɓi a jiƙe su gaishe ni da jikin Malam, su ce ina ruwa, in ce ruwa ya yi gyara, bakina yana faɗa zuciyata tana wani wuri. Da sun fita sai in koma ɗakin in zauna a bakin gadon da na shimfiɗa masa, in zuba wa fitilun nan ido. Ta biyun ta fara ƙyaftawa, ta yini tana ƙyaftawa ba ta tsaya ba. Ni ɗiyar makiyaya ce kuma matar manomi, tun da na yi wayo ban taɓa ganin hadari na ji baƙin ciki ba sai a wannan makon. A sujadar azahar na ji bakina yana cewa, ya Allah ka ba ni rana ko ta yini ɗaya ce. Da na sallame sai kunya ta kama ni, na ga kamar duk garin sun ji.

Kada ku ɗauka yayanku Abba zaune ya yi. Ya tayar da ɗan janaretanmu ya jona ko zai taimaka, inbatar ta yi ta ƙara ta ƙi karɓa, Sanusi ya ce ta waya wutarsa ba ta tsayawa wuri ɗaya, sai babba. Abba ya hau babur cikin ruwan nan ya tafi Daura neman babba, wanda ya samu an riga an ba da hayarsa, mai shi ya ce a jira a dawo da shi. Ya hau kwano da tsumma ya goge farantan ko ɗan hasken da ke ratsowa zai ƙaru, ƙafarsa ta zame saura kaɗan ya faɗo. Ni na ɗaure masa gwiwar da ya ƙuje.

A cikin haka ne wata safiya Nura ya iso daga Katsina a jiƙe sharkaf. Ko ruwa bai sha ba ya wuce ɗakin ya dubi batirin. Fitila biyu ke ci. Ya fito ya sami yayansa a ƙofar madafa.

“Yaya, ya kai rabi. Mu je mu ɗauko Baba yau. Kullum sai ya tambaye ni ko an gama.”

“Ba a gama ba,” in ji Abba. “Ka ji abin da mai haɗawa ya ce. Ga shi babu rana. In muka jona injin zai riƙa cin wuta fiye da wadda ke shiga. In ya ɗauke da asuba, ina za mu kai shi?”

“Akwai tukunyar iskar da asibiti za su ba mu.”

“Ta hanya ce. Kafin mu iso ta kusa ƙarewa.”

Nura ya dube shi, ruwa na ɗiga daga haɓarsa. Sannan ya faɗi maganar da na san har yau tana tsakaninku.

“Kai batirin kake tausayi kada ya lalace, ba Baba ba.”

Na shiga tsakani na ce kul, kada in ƙara jin haka a gidan nan. Nura ya juya ya hau babur ɗinsa ya koma Katsina ko karyawa bai yi ba. Abba ya shiga zaure ya zauna, kunun da na aika masa ya huce a gabansa.

Yanzu ku saurari abin da ya biyo baya, don shi ne dalilin wannan babi. Bayan la'asar a ranar wayata ta yi ƙara, lambar Saratu. Da na ɗauka sai na ji numfashin babanku. Daga baya Saratu ta faɗa mini shi ya sa ta kira, ya karɓi wayar, ya aike ta neman ruwan zafi don kada ta ji abin da zai faɗa. Maganar tana fita a gutsure, sai ya huta tsakanin kalma da kalma.

“Malama, ana ruwa a can?”

“Ana yi, Malam. Tun shekaranjiya bai ɗauke ba.”

“Alhamdu lillahi. Geron fa?”

“Ya miƙe. Ganyen duk ya warware, wani ma ya fara ciki.”

Na ji ya sauke ajiyar zuciya. Ina jin ƙarar na'urar asibiti a bayansa.

“Nura ya faɗa mini abin da ake ciki. Yaron nan zuciya gare shi, irin tawa. Amma ki ce wa Abba ya yi daidai. Kada a zo ɗaukata sai abin nan ya cika.”

Na ce, “Malam, kai ka ce a mayar da kai gida.”

“Na ce, kuma ina so. Amma in na zo wutar ta ɗauke ina hannunsu, su za su rayu da abin. Ɗaya zai ce shi ya ɗauko ni, ɗaya zai ce shi ya bari. A nan in ta zo, ba wanda zai ce shi ne.”

Hawaye ne kawai ke zuba, na toshe bakina da gefen mayafi. Sai ya ƙara da cewa:

“Kuma na san halinki. Kada ki je kina roƙon rana. Garin nan gaba ɗaya ruwan nan yake jira.”

Na ce masa ai na riga na roƙa. Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, na jira har ya lafa.

“To shi ke nan,” ya ce. “Ke kin roƙa, mu mun roƙa. Shi ya san wadda zai fara karɓa.”

Wannan ita ce maganarmu ta ƙarshe da shi a duniya. Na fita zaure na faɗa wa Abba saƙon babansa. Ya sunkuyar da kai ya ce to. Kai kuma Nura, ka ce mini da ka yi wa babanku maganar, cewa ya yi kawai a yi haƙuri, ka ɗauka haƙurin mara lafiya ne da ba shi da yadda zai yi. Bai yi maka dogon bayani ba ne don ba ya so ya ambaci mutuwarsa a gaban ɗansa.

Ranar Juma'a gari ya waye tas, kamar an wanke sama. Rana ta fito da ƙarfinta, ƙasa na tururi, mata suka firfito da shanya. Kafin hantsi ya ɗaga fitila ta uku ta kama. Na kasa zama na kasa tsayuwa. Na sake share ɗakin da na riga na share, na canja zanen gado, na buɗe tagar da ke duban gona, na ɗora farfesun kaza ko zai iya kurɓar romo. Maza suna dawowa daga masallaci ta huɗun tana ƙyaftawa. Muna tsaye ni da Abba sai ta tsaya cak, muka ji wani ɗan ƙas a cikin akwatin. Abba ya kira Sanusi, shi kuma ya ce alhamdu lillahi ya cika, a jona. Abba ya jona injin iskar, wanda muka riga muka sayo, don gwaji, ya fara gurnani a hankali, ruwan da ke 'yar kwalbarsa yana ɓulɓulowa. Na kara tiyon a bayan hannuna na ji iska mai sanyi. Rabon da in ga haƙoran yayanku tun kafin a kwantar da Malam. Ya kashe injin, ya fita da sauri wajen motar da ya riga ya yi magana da ita.

Bai wuce Mashi ba Saratu ta kira shi. Ni ba wanda ya kira ni. Ina madafa ina sauke tukunya na ji sallamar liman a zaure, tare da ƙanen babanku, suna cewa a yi musu iso. Liman bai taɓa shigowa cikin gidan nan ba sai ran suna. Na ajiye tukunyar a ƙasa na zauna kusa da ita, kafin su buɗe baki na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Motar da aka ɗauka don ta kawo shi gida ita ta kawo shi. Suka iso rana ta yi ja, aka shiga da shi ɗakinsa aka kwantar. Ɗakin ya fara duhu, masu wanka suka nemi haske, Abba ya miƙa hannu ya kunna ƙwan da Sanusi ya saƙala a sama. Aikin farko da batirin nan ya yi wa babanku ke nan. Ina daga ƙofar ɗakina na ji Nura ya ce wa yayansa a gaban mutane, “To ga shi nan ya cika.” Abba ya naɗe hannun rigarsa ya shiga ya kama wa masu wanka.

Na faɗa muku maganar wayar nan a kwanakin zaman makoki. Nura ya ce, “Inna, kare shi kawai kike yi.” Ina cikin takaba, ba ni da ƙarfin jayayya, na bar shi a kan lokaci zai gyara. Lokaci bai gyara ba. Geron da aka yi a shekarar ban taɓa ganin irinsa a gonar nan ba, rumbu ya cika har muka ba dangi, amma ku biyu ba ku tsaya a masussuka ɗaya ba. Injin iskar mun ba wata baiwar Allah a ƙauyen da ke gaba da mu, ta yi amfani da shi har Allah ya karɓi abarsa, daga nan ya wuce wani gidan. Batirin yana nan a bango, a haskensa nake wannan rubutu in idona ya gaza da yamma. Nura, son babanka ne ya sa ka faɗi abin da ka faɗa, na sani, shi ma ya sani. Amma yayanka bai hana shi dawowa ba. Umarnin ubansa ya bi, kuma ya ɗauki maganarka shekarun nan bai taɓa kawo mini ƙara ba. Kai kuma Abba, shirun ya isa haka. Ƙanenka ne, ka buɗe masa ƙofa.

Saura abu ɗaya, wanda Saratu ta faɗa mini bayan na fita takaba, muna tsintar wake mu biyu. Ta ce a ranar Juma'ar nan babanku ya farka da sauƙi fiye da kullum, har ya sha kunu. Hasken rana ya shigo ta tagar ɗakin asibitin ya sauka a ƙafar gadonsa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce mata:

“Yau kam abin nasu zai cika. Ninke mini babbar rigata, ki sa hular a sama, yau za a zo ɗaukata.”

Ta ninke ta ajiye a gefensa. Ya yi sallar azahar a kwance da ishara, ya tambaye ta ko Abba ya taso, ta ce yana hanya. Ya ce madalla, bari ya ɗan runtsa kafin su iso, ta tashe shi in ta ji mota.

Haka babanku ya tafi, da kayansa a ninke, yana jiran 'ya'yansa, ba ya fushi da kowa. Allah ya haskaka makwancinsa, ya sada mu da shi a inda numfashi ba ya wahala.